Matsananciyar Ƙiba da Tiyatar Rage Tumbi

Shirin musamman na yau zai duba matsananciyar ƙiba, cutar da aka daɗe ana yi mata kallon alamar wadata, da kuma tiyatar da likitoci ke yi idan sauran hanyoyin magani suka gaza.

Likitoci ba da ido suke auna ƙiba ba, suna raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita, su sake rabawa da tsayin, abin da ya fito shi ne ma'aunin nauyin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 30 a matsayin ƙiba, 40 zuwa sama kuma matsananciya, saboda haka mace mai tsayin mita 1.6 da nauyin kilo 105 ta kai 41. Hukumar ta bayyana cewa a 2022 masu fama da ƙiba a duniya sun haura biliyan 1, kuma cutar tana tafe da ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi a cikin barci.

A yankin manoma irin na Gwarzo da Kabo, inda har yanzu ake yaƙi da tamowar yara, ƙiba takan shigo ta hanyar rage zirga-zirga da yawan lemon kwalba da soye-soye. Takan shigo kuma ta ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata ke saya a kemis gabanin aure, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin jiki kawai suke kumburawa, su tayar da suga da jini.

Tun 1991 ƙwararru a Amurka suka ware tiyatar ga wanda ma'auninsa ya kai 40, ko 35 idan akwai wata cuta tare da ita, sannan a 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da iyakar zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Tiyatar da aka fi yi a yau ita ce yanke tumbi, wato jakar da abinci ke fara sauka a cikinta, inda ake cire kusan kashi 80 cikin 100, a bar wani siririn sashe mai kamar ayaba, kuma da yake ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da yawancin sinadarin da ke tayar da yunwa, sai sha'awar abinci ta ragu. Ta biyu ita ce karkatar da hanyar abinci, wadda likita Edward Mason ya fara a jihar Iowa a shekarun 1960, inda ake ware ƙaramar jaka a saman tumbi a haɗa ta da ƙaramin hanji kai tsaye. Duka biyun yanzu ta ƙananan huji ake yinsu da na'urar hangen ciki.

Sai dai aikin ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata. Akwai haɗarin zubar jini da yoyon ɗinki da daskarewar jini a jijiya, kuma wanda aka yi wa zai yi makonni yana shan abinci mai ruwa-ruwa kafin ya koma ga loma kaɗan, ta yadda malmalar tuwon da ya saba cinyewa za ta gagare shi. Zai riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin B12 da sinadarin ƙarfafa ƙashi har ƙarshen rayuwarsa, mace za ta jinkirta ɗaukar ciki watanni 12 zuwa 18, azumin Ramadan kuma sai da shawarar likita. Kuɗin aikin miliyoyin naira ne, wanda ya je Indiya ko Masar aka yi masa kuwa yana buƙatar likitan da zai ci gaba da duba shi a gida.

Don haka matakin farko ga mai fama da ƙiba shi ne zuwa Babban Asibitin Gwarzo ko cibiyar lafiya mafi kusa a auna nauyi da jini da suga, daga nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano idan da buƙata. Haƙƙin iyali kuma shi ne su daina zolayarsa, su gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, domin mara lafiya ne mai neman magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, a huta lafiya.