Masallacin Juma'a na Birnin Zariya: Gininsa da Ibadar da Ake Yi Cikinsa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna yadda bukatun salla suka tsara fasalin Masallacin Juma'a na Zariya. An gina shi a ƙofar fada zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin kuwa shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani.

Fasalin Ginin

Sallar jam'i tana bukatar sahu mai tsawo, madaidaici, mai fuskantar alƙibla. To, amma azara, wato itacen giginya da ake rufi da shi, tsawonta ƙayyadadde ne, ba ta iya ratsa ɗaki mai faɗi ita kaɗai. A nan ne gwanintar maginin ta bayyana. Sai ya kafa manyan ginshiƙai na tubali, ya ɗora azara bisa azara daga kowane ɓangare, yana ɗaurewa yana yaɓewa, har suka haɗu a sama suka zama bakan gizo. Bisa waɗannan bakuna aka ɗora tulluwa. Ta haka aka sami sararin da sahu zai miƙe, muryar liman kuma ta kai ga mamu. Kaurin bango yana tare zafin rana, zanen da aka yi wa ginshiƙan kuwa babu surar mai rai a cikinsa.

Rayuwar Masallacin

A da, mai zuwa salla yakan ratsa ɗaya daga cikin zaurukan shiga, ya yi alwala, sannan ya faɗa haraba. Ranar Juma'a harabar kan cika da waɗanda ba su sami wuri a ciki ba. Har ila yau, an haɗa ginin da ɗakin shari'a, abin da ke nuna yadda shugabannin jihadi suka ɗauki salla da hukunci a matsayin abu guda.

Sauyin Zamani

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Da jama'a ta ƙaru, sai a shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti, ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon. Kafin nan wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana taswirarsa, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Kammalawa

Taswira tana adana awo, amma ba ta koya wa hannu ɗaurin azara. Saboda haka ya wajaba jami'o'inmu su nemi maginan da suka gaji wannan sana'a, a rubuta iliminsu, a kuma ba su almajirai tun suna raye.