Motar lantarki: Babban batir ko ƙarami, wanne ya cancanci kuɗin mai saye?

A watan Yulin 2019 kamfanin Hyundai ya fara sayar da motarsa mai amfani da lantarki, Kona Electric, a Indiya, inda ya ce tana cin kilomita 452 kafin ta buƙaci caji. Wannan motar dai, da batir iri ɗaya, kilomita 300 da 'yan kai aka rubuta mata a Turai.

Babu wanda ya yi ƙarya a ciki. Kowace ƙasa da yadda take gwada mota, kuma gwajin Indiya ya fi na Turai sassauci. Sai dai mai saye da bai san da wannan ba zai iya zuba miliyoyinsa a kan lambar da ba zai taɓa gani a kan titi ba.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu tambayar farashin motocin lantarki sun ƙaru a Najeriya. Abin da ke ɗaure wa da yawansu kai shi ne mota ɗaya kan fito kala biyu ko uku: suna ɗaya, jiki ɗaya, amma kuɗi da nisan tafiya sun bambanta.

Kona ta dace da misali, domin ita ce kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka kuma ƙaddamar a Nuwamban 2020 a matsayin motar lantarki ta farko da aka haɗa a ƙasar.

Batir biyu, lambobi da yawa

Zubin farko na Kona ya zo da batir iri biyu. Ƙaramin na ɗaukar wuta kWh 39.2, babban kuma kWh 64. Ana iya ɗaukar wannan ma'auni kamar girman tankin mai.

A gwajin Turai da ake kira WLTP, ƙaramar na da kilomita 305, babbar kuma 484. Amma hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, wadda gwajinta ya fi tsauri, mil 258 ta ba wa babbar, wato kimanin kilomita 415. Motocin da ke fitowa daga China kuwa galibi da lambar gwajin CLTC suke zuwa, wadda ita ma takan ɗara ta Turai yawa.

Don haka idan dillali ya ce mota na cin kilomita 500, tambayar farko ita ce: a gwajin wace ƙasa?

Ko lambar da ta fi kusa da gaskiya ma ba ta san zafin Afrilu a Kano ba. Gudu a babban titi na cin wuta fiye da zirga-zirgar cikin gari, saɓanin motar fetur, ga kuma na'urar sanyaya mota da ba za a kashe ba.

A ƙaddara an zabtare kashi ɗaya cikin huɗu na lambar Turai saboda waɗannan dalilai. Ƙaramar za ta koma kusan kilomita 230, babbar kuma 360 da ɗoriya.

Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano yana da tsawon kilomita 375 idan aka fara ƙirga daga Zuba. Ke nan ƙaramar da ƙyar za ta kai mutum Kaduna daga Kano, babbar kuma za ta kai Kaduna hankali kwance, amma ita ma ba abin dogaro ba ce a ce za a shiga Abuja ba tare da an tsaya caji ba.

Wanda ya ƙara kuɗi don kawai ya riƙa zuwa Abuja a tashi ɗaya, bai samu abin da ya biya ba.

Ina ƙarin kuɗin ke tafiya?

Batir ne kaya mafi tsada a jikin motar lantarki. Kamfanin bincike na BloombergNEF ya ƙiyasta matsakaicin farashinsa a duniya a kan dala 115 kowane kWh a 2024. Tazarar kusan kWh 25 da ke tsakanin Kona biyun ta kai kusan dala 2,900 ke nan tun a masana'anta, kafin a zo kan riba da kuɗin jirgi da na kwastam.

Babbar na da inji mai ƙarfin kilowat 150, ƙaramar 100, don haka ta fi ta zafin tashi. Amma wajen kuɗin wuta a kowace kilomita, kusan kunnen doki suke.

Idan aka yi lissafi da naira 209.5, farashin da aka sanya wa 'yan rukunin Band A a Yulin 2024, cika ƙaramin batir daga ƙasa zai ci naira 8,200 da 'yan kai, babban kuma kusan 13,400.

Matsalar ba kuɗin ba ce, lokacin ne. Da na'urar caji ta bango mai kilowat 7.2, ƙaramar na cika cikin kimanin awa shida, babbar kuma sama da awa tara. Idan soket ɗin gida kawai ake da shi, babbar na neman fiye da awa 28. A unguwar da ake kawo wuta awa huɗu ko biyar a rana, babban batir tanki ne da ba za a taɓa ganin cikarsa ba.

Wuraren caji na jama'a kuwa har yanzu ƙalilan ne. Hukumar NADDC, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantarta, ta kafa tashoshin gwaji masu amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, da Jami'ar Legas da ta Nsukka, amma akasarin masu irin wannan mota a gida suke caji.

Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya ɗauko yara daga makaranta ya leƙa kasuwa, wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita 40 ko 50 a rana, ƙaramar za ta yi masa kwana huɗu kafin ya nemi soket. Ɗan kasuwar da ke tsakanin Kano da Kaduna duk mako, ko direban haya da ke wuni a kan titi, shi ne ƙarin kuɗin zai amfana. Akwai kuma hujja ɗaya da ke goyon bayan babbar: kowane batir na rage ƙarfi da shekaru, kuma mai rara ya fi jure wannan ragin.

Kayan alatun da ba na nan ba

Kamfanoni kan haɗa babban batir da kayan alatu, ta yadda mai son nisan tafiya dole ya biya har da abin da bai nema ba. Kujeru masu ɗumi da sitiyari mai ɗumi da na'urar ɗumama batir, duk don sanyin Norway da Kanada aka yi su. Rufin gilashi ma zafi yake ƙara wa mota a Sakkwato ko Maiduguri.

Abin da ya kamata a duba ba ya cikin tallar. Na farko, yadda ake sanyaya batir. Kona na sanyaya nata da ruwa, yayin da Nissan Leaf zubi na farko da na biyu ba ta da wannan tsari. A 2012 masu Leaf a jihar Arizona mai tsananin zafi a Amurka sun koka kan yadda batiransu suka yi saurin rauni.

Sai bakin caji. Kona da aka yi wa Amurka na da CCS1, ta Turai CCS2, ta China GB/T, Leaf zubi na farko da na biyu kuma CHAdeMO, kuma wani ba ya shiga wani sai da mahaɗi na musamman.

Mai neman ta hannu, wato tokumbo, yana da ƙarin aiki. A Fabrairun 2021 Hyundai ya sanar da sauya batiran motoci kusan 82,000 a duniya saboda haɗarin gobara, mafi yawansu Kona da aka ƙera tsakanin ƙarshen 2017 da Maris ɗin 2020. Kafin a yi maganar ciniki, sai a karɓi lambar shasi a bincika ko motar na cikinsu, kuma ko an sauya mata batirin. Daga nan a nemi makanike mai na'urar kwamfuta ya karanta lafiyar batirin a gaban mai saye, domin lambar da ke kan allon mota kan sauya ne daidai da yadda direban ƙarshe ya tuƙa ta.