Nutso da Tukunyar Iska da Hukuncin Hawan Jirgin Sama Bayansa

Mutumin Nariya ko na Rano, wanda iyakar zurfin ruwan da ya sani shi ne na madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya saba ganin masunta suna cika ƙirji da numfashi ɗaya, su nutse su kwance tarun da ya sarƙe a kututture, su taso lafiya lau. Saboda haka in an ce masa akwai nutson da ke hana mai shi hawan jirgin sama sai ya kwana, la'alla ya ɗauki zancen almara. Alhali kuwa mas'ala ce tabbatacciya, wadda ta shafi ma'aikatan mai na wajen Fatakwal masu zuwa gida hutu, da matafiyanmu da ke sha'awar leƙa ƙarƙashin Bahar Maliya a Jidda ko Masar kafin su kamo hanyar Kano.

Asalin al'amarin shi ne, iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita, shiga take ta fita. To, ruwa yana da nauyi, har kowace mita 10 da mutum ya nutsa cikin teku tana ƙara masa matsi kwatankwacin na dukan iskar da ke bisa kanmu. Wanda kuwa ya goya tukunyar iska, irin wadda Cousteau da Gagnan suka ƙago a Faransa a 1943, yana ta numfashi ne cikin wannan matsi, naitirojin tana narkewa cikin jininsa da kitsensa gwargwadon zurfi da daɗewa. Masuncin Tiga bai daɗe ba, bai kuma shaƙi kome a ƙasa ba, shi ya sa galibi ya kuɓuta. In mai tukunya ya taso sannu, huhu ya fitar da naitirojin a hankali. In ya yi gaggawa, sai ta tashi kumfa cikin jiki kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya, daga nan sai ciwon gaɓoɓi, da ƙaiƙayi, da jiri, wani lokaci kumfar ta taɓa laka mutum ya shanye, ko ma ya zama ajali.

Ba a san wannan da arha ba. Leburorin da suka haƙa gindin gadar Brooklyn a Amurka cikin akwatunan matsattsiyar iska sun sha wuya ƙwarai, har babban injiniyan, Washington Roebling, ya nakasa a 1872. Paul Bert ya bayyana sababin a 1878, Haldane kuma ya tsara wa sojan ruwan Ingila ƙa'idar tasowa zango-zango a 1908.

Abin da jama'a suka fi gafala da shi shi ne, fitowa gaɓa ba ita ce ƙarshen tasowa ba, domin sauran naitirojin na nan cikin jiki sa'o'i da yawa, jirgin fasinja kuwa, duk da ana matsa iska cikinsa, daidai yake da kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, inda matsi ya ragu da wajen rubu'i. Wannan raguwar matsi tana iya sa ragowar naitirojin ta tashi kumfa, don haka masana suka daidaita a 2002 cewa wanda ya yi nutso ɗaya mara zango ya dakata aƙalla awa 12, wanda ya maimaita ko ya jera kwanaki awa 18, wanda nutsonsa ya wajabta zango kuwa fiye da haka nesa. A ganina yini da kwana cur ya fi zama ihtiyaɗi, domin asarar kuɗin tikiti ba ta kai ta ƙafafu ba, kiyaye rai kuwa malamai sun lissafa shi cikin manyan manufofin shari'a. Hukuncin bai tsaya ga jirgi kaɗai ba: hawa tudun Jos da mota, mai tsawon kimanin mita 1,200, shi ma hawa ne.

Wanda alamun suka bayyana gare shi kada a tsaya shafa masa man zafi ana cewa sanyi ne. A kwantar da shi, a ba shi oksijin zalla, a gaya wa likita cewa ya yi nutso, a nemi ɗakin matsi inda ake mayar da kumfar ta narke.