Ƙarfen Sabis A Tsakiyar Unguwa: Ina Haƙƙin Maƙwabci Ya Tsaya?

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 1421 zuwa 1422 ta Hijira, watau 2001, dogayen turakun sadarwa, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, suka yi ta tsirowa a tsakanin gidaje. Duk wanda ya bi hanyar Talata Mafara zuwa Bakura ko Maradun zai hango su sun zarce hasumiyar masallaci. Yadda abin ke gudana sananne ne. Kamfani ya zo ya ɗauki hayar kangon wani mutum na shekaru masu yawa, ya biya shi, sa'an nan maƙwabta su wayi gari su tarar da ginshiƙi da injin wuta a bayan katangarsu. Mai fili ya ce mulkinsa ne, maƙwabta su ce ba su yarda ba. To, jama'a, wa ke da gaskiya a Shari'a?

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba, ko da yake ba su ga waya ba. Asalinsa shi ne Hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya hana cuta da cutarwa, kuma Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. A kansa ne Ibn Abi Zaid ya gina hukunci a Risala, cewa ba a barin mutum ya huda taga mai leƙa gidan maƙwabci, ko ya yi haƙar da za ta cuce shi, ko da kuwa a cikin mulkinsa ne. Saboda haka hujjar mai fili ta cewa "wurina ne" ba ta isa ba ita kaɗai.

Amma Shaihu Halilu, a Muhtasar, ya rarrabe abin filla-filla, kuma a nan ne masu ƙorafi ya kamata su natsu. Ya ce alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da duk abin da ke lalata bangon maƙwabci. Sa'an nan ya lissafa abin da ba a hanawa, a ciki har da tsawon gini, da tare haske ko iska, da ƙara irin ta mai bugun tufafi. Ya ce kuma ba a hana mutum hawan dabinonsa, sai dai wajibi ne ya yi sanarwa kafin ya hau, domin matan gida su kintsa.

In muka ɗora turken sadarwa a kan wannan ma'auni, tsawonsa kaɗai ba laifi ba ne. Hayaƙin injin da ke shiga ɗakin kwana cuta ce da ake kawarwa. Haka man da ke tsiyaya ya bi ƙasa ya gurɓata rijiya, haka girgizar da ke tsaga bangon ƙasa, haka ginshiƙin da aka yi wa ha'inci har ana tsoron iskar farkon damina ta kayar da shi. Ma'aikacin da zai hau gyara kuwa hukuncinsa na mai hawan dabino ne, sai ya yi sallama tukuna. Batun ƙara shi ne mai wuya, domin zahirin maganar Halilu bai hana ta ba. A ganina akwai bambanci, gama mai bugu yakan ajiye ƙotarsa da magariba, injin kuwa ba ya sanin dare. Hukumar kare muhalli ta NESREA ma ta fitar da dokar iyakance ƙara a 2009.

Saura abin da ya fi tayar da hankalin mutane, watau raɗe-raɗin cewa turken yana jawo ciwon daji ko rashin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa babu gamsasshiyar hujja cewa raunanan igiyoyin da ke fitowa daga waɗannan turaku suna cutar da lafiya. A 2011 cibiyarta ta binciken daji ta sa igiyoyin rediyo a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar, amma akasarin dalilinta ya shafi wayar da ake karawa a kunne ne, wadda mai ƙorafin kansa ke yini da ita. Alƙali ba ya rushe dukiyar mutum a kan zato, kuma Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari. Wanda ya kai ƙara da wannan hujja kaɗai ya raunana haƙƙinsa da hannunsa.

Mutanen Zamfara sun ɗanɗana rashin sabis. Ran 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su rufe layuka a jihar baki ɗaya, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun, don yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu, amma sai farkon Oktoba aka buɗe Gusau, sauran wurare suka ƙara jira. Ɗan kasuwa ya kasa aika kuɗi, ma'aikaci ya kasa taɓa albashinsa, wasu suka riƙa tafiya maƙwabtan jihohi don kiran waya ɗaya. Wanda ya ga wannan ba zai ce a tumɓuke turke gaba-gaɗi ba, balle mazaunin ƙauye kamar Damaga.

Duk da haka, wannan yanki ya san abin da ke biyo bayan aikin da aka yi ba da shawarar talakawa ba, domin dattawa ba su manta da rikicin diyyar gonakin Bakolori na 1980 ba, wanda aka yi asarar rayuka a cikinsa. Mai fili ya tara maƙwabta a gaban mai unguwa da liman kafin ya sa hannu, ba bayan an zuba kankare ba. A rubuta sharuɗɗa cikin takardar haya: injin mai rufi, bututun hayaƙi ya kalli sama, tankin mai nesa da rijiya, sanarwa kafin hawa, da wanda zai biya in ƙarfe ya faɗi. A kuma ɗauko awo a gwada tazara. Ƙa'idar NCC ta 2009 ta ce mita 5 tsakanin turke da gida, ta NESREA ta 2011 ta ce mita 10, har hukumomin biyu suka yi ta jayayya a kai. Wanda aka matse wa katanga ƙasa da haka, ya rubuta ƙara zuwa gare su, ya haɗa da shaidar maƙwabta biyu adalai.