Kafin Magini Ya Ɗaga Guduma

Da zarar ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, kuɗi suka fara zagayawa a hannun mutane, sai ka ga tulin yashi da bulo a ƙofar gidaje. Wannan zai yi wa ɗansa aure, yana neman inda zai sa amarya. Wancan damina ce ta ci masa katanga. Wani kuwa ba abin da ya same shi, ya dai je gidan abokinsa ya ga tayil da fiyofi, ya dawo ya ji nasa gidan ya yi masa ƙauyanci. Duk ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda muke gyaran: mai gida da magini su tsaya a tsakar gida, cikin minti goma su yanke abin da iyali za su zauna a ciki shekara talatin, ba a tambayi matar da ke wuni a gidan ba, ba a kuma leƙa an gaya wa maƙwabcin da ake haɗa katanga da shi ba.

Wani ɗan'uwana ya gaji gidan mahaifinsa a cikin birni. Gidan ƙasa ne, mai zaure da shigifa da tsakar gida mai faɗi, ga darbejiya a gefe. Da Allah ya buɗa masa, ya ce zai mayar da shi na zamani. Aka fasa zaure aka yi shaguna biyu na haya, aka sare darbejiya, aka rufe tsakar gida da kwano aka sa masa suna falo, madafi kuma aka shigo da shi ciki ya zama kicin. Ranar da aka gama kowa ya zo ya ce ma sha Allah, har da ni. Bazarar farko, shi da 'ya'yansa maza suka koma kwana a bakin titi. Matan gidan ba inda za su je, sai dai su jiƙa zani su lulluɓa. Da aka yi masa haihuwa, ranar suna aka rasa inda za a kafa tukwane, sai da uwargida ta aika gidan maƙwabci neman aron tsakar gida. Shi kuwa maƙwabcin rabonsa da gaisawa da ɗan'uwan nawa tun Agusta, saboda sabon kwanon a jikin katangarsa yake zubar da ruwa. Matar maƙwabcin ce ta yi haƙuri ta ce a kawo tukwanen.

Ba wai ina kira a koma gidan ƙasa ba ne. Duk wanda ya tashi a cikinsa ya san wahalarsa: yaɓe kowace shekara kafin ruwan fari, ɗigar soro cikin dare, fargabar marka idan ta kwana biyu ba ta ɗauke ba. Azara ma yanzu sai an sha wuya, domin giginyar ta yi ƙaranci. Magana ita ce, kowane sashe na tsohon gida yana da aikin da yake yi, ko da ba mu lura ba. In za ka rushe shi, ka fara sanin aikin nan, ka kuma tanadi abin da zai ɗauke shi.

Ɗauki zafi. Katangar tubali mai kauri a hankali take shan rana. Kafin zafin ya ratsa ta ya isa ciki, yamma ta yi. Da dare sai ta sake shi, a lokacin kuwa mutane suna kan tabarma a tsakar gida suna shan iska. Kakanninmu ba da ka suka yi wannan ba, ilimi ne da aka gada. Sun san azara ba ta ɗaukar nauyi idan faɗin ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don su sami ɗaki mai faɗi. Sun san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi na marina, suna hana ruwa cin bango. Da wannan ilimin Babban Gwani Muhammadu Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da shi kuma Falke Barmu ya gina masallacin Yama a yankin Tawa ta Nijar, wanda ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Kwano kuwa ba shi da haƙuri: rana na taɓa shi ya ɗauka, ya juye maka a ka. Bulo mai inci shida ma bai fi shi da yawa ba. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma sai ta ga dama, wanda ya yi ɗaki gajere mai taga ɗaya da dogaro ga fanka, tanda ya gina wa iyalinsa. In kwanon za ka sa, ɗaga ginin sama, ka yi silin, ka bar 'yan kafofi tsakanin silin da kwano don zafi ya riƙa fita, ka sa tagogi biyu masu kallon juna, ka bar bakin kwanon ya sauko ya yi wa bango inuwa. Bishiyar nan kuma ƙyale ta. Ganyen da take zubarwa tsintsiya ce maganinsa.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare: shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye. Da farko sai ka ga ya yi kyau. Amma ƙasa da siminti ba sa riƙe juna, bayan damina ɗaya ko biyu sai shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye mai gida yana ganin fenti. Wanda kuma zai ɓare tsohon silin irin na asbesto, ya sani ƙurarsa tana jawo cutar daji a huhu bayan shekaru. A jiƙa shi da ruwa, a cire shi ba tare da farfasawa ba, a fitar da yara daga wurin.

Amma inda gyaranmu ya fi cutarwa shi ne madafi, kuma dalilin a fili yake: wanda ke yanke shawara ba shi ke girki ba. Tsohon madafi a gefen tsakar gida yake, rabinsa a buɗe, ko kuma rumfa ce kawai da murhu a ƙarƙashinta. Hayaƙin itace ko na kara yana tashi iska ta kwashe. Yanzu mun ga kicin a finafinai da gidajen ma'aikata, mun shigo da shi cikin gida, ɗan ƙaramin ɗaki mai 'yar taga kamar ta kurkuku. An gina shi ne da niyyar gas. To, gas ɗin ya yi tsada, musamman daga 2023, sai uwargida ta koma gawayi ko itace, a cikin ɗakin da ba a yi shi don hayaƙi ba, ga jariri goye a bayanta yana shaƙa tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Mu dai abin da muke gani shi ne tarin da ba ya jin magani, da idon da kullum yake ja yana hawaye, sai mu ce sanyi ne ko shawara.

Gawayi ya fi yaudara, domin ba ya hayaƙin da ido ke gani sosai. Yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala da jin barci, wanda kuma ya yi barcin a rufaffen ɗaki ba lalle ya farka ba. Ita ce dai ke fita daga janareta. Kowane hunturu ana jin labarin iyalin da suka shiga ɗaki da kaskon wuta suka rufe ƙofa, ko suka shigo da janareta cikin gida don tsoron ɓarayi, da safe sai dai a ɓalle ƙofa. Wanda ya rufe tsakar gidansa ruf, ya tambayi kansa inda janaretan zai zauna.

Gas ma yana da halinsa. Ya fi iska nauyi, don haka idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ya taru a daɓe kamar ruwa a kwari. Tagar da ke can sama ba ta fitar da shi. A bar masa kafa a ƙasan bango ko ƙasan ƙofa, in da hali ma tukunyar ta zauna a waje cikin inuwa, tiyo ya shigo ta bango. In an ji warinsa kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunya a buɗe ƙofa da taga. Gwada yoyo kuwa da kumfar sabulu ake yi, inda ya yi ƙwai nan ne.

Da a ce ana tambayar mata, da yawancin wannan bai faru ba. Tambayi kowace uwargida, za ta ce maka ko tana da kicin na tayil tana bukatar wani wuri a waje: inda za ta ajiye turmi, domin tayil ba ya jure taɓarya, inda za ta shanya kuɓewa da tattasai, inda za ta tuƙa tuwon mutum hamsin ranar suna ko ranar Sallah, da tukunyar da ba za ta ma shiga ƙofar kicin ba. Za ta kuma gaya maka cewa tayil mai sulɓi a bakin famfo ko banɗaki shi ke karya tsofaffi. Mai gida, tambayar ba ta rage maka girma. “Maman yara, ina kike so murhu ya zauna?” bai kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba.

Sai maƙwabci. Ruwan sama da ya sauka a gidanka dole ya tafi wani wuri. Da, tsakar gida na shanye wani, sauran ya bi kwata. Yanzu mun malale ko'ina da siminti, mun ɗaga daɓenmu ya fi na kowa tudu, wani ma ya ci rabin magudanar lungu da matakalar shagonsa. Ruwan da muka kora gidan na ƙasa da mu yake sauka, sau da yawa kuma gidan wanda bai da halin ɗaga nasa ne. Haka batun shadda da sokawe: masana lafiya suna son a bar kamar mita 30 tsakaninsu da rijiya. A cikin birni wannan tazara da wuya ta samu, shi ya sa ya zama dole ka san inda rijiyar maƙwabcinka take kafin ka sa diga, ba bayan yaransa sun fara gudawa ba. Ga kuma mai ɗora bene a kan tushen da aka yi don ƙasa, bai kira injiniya ba, bai nemi izinin hukumar tsara birni ba, sannan ya buɗe taga tana kallon tsakar gidan mutane. Abin mamaki, wannan ba sabuwar matsala ba ce. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka yi ƙarnoni ana karantawa a zaurukan malamanmu, ta hana mutum buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci, ko buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, ko haƙa abin da zai cuce shi ko da a cikin filinka ne. Mun karanta a zaure, mun fito mun rushe zauren.

Shi kuwa zauren, kuɗin hayar shago ba ya biyan abin da yake yi. A nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama ba tare da ya ga cikin gida ba, domin ƙofofinsa ba sa kallon juna. A nan ake ɗaura aure, a karɓi gaisuwar rasuwa, a sasanta rigima kafin ta kai gaban mai unguwa. A nan magidanta ke ciyayya, kowa a fito da kwanonsa, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ya ƙoshi ba tare da kowa ya gane ba. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa ni, domin rufin asiri ne da ba a taɓa kiransa sadaka ba. Yau da zaure ya tafi, taro ya fito titi: a kafa kanofi, a jera kujerun haya, a tare hanya tun safe, mai ɗauke da mara lafiya ya yi ta zagaye. Zaman makoki ma a rana ake yinsa, in mutum bai da kuɗin rumfa.

Na san filaye sun matse, iyali sun yi yawa, kuɗin shagon ma wani da shi yake cefane. Ba kowa ne zai iya barin zaure sukutum ba. Amma ɗan dakali mai inuwa a ƙofar gida, inda mutum biyar za su zauna, ba ya cin wuri. Haka barin ko da taku huɗu na tsakar gida a buɗe, sama tana kallonsa. Ɗan'uwan nan nawa, bayan shekara biyu, da kansa ya kira kafinta ya cire kwano shida daga falon, ya mayar da murhu waje, ya sa wa rufin bututu ya karkatar da ruwan zuwa kwata. Kuɗi biyu ya kashe a kan aiki ɗaya, darbejiyar kuma sai dai ya dasa sabuwa ya jira.

Mai karatu, in yashi ya riga ya sauka a ƙofarka, dakatar da magini kwana ɗaya. Zauna da uwargida tukuna, sannan bayan la'asar ka sa hularka ka yi sallama da maƙwabcinka, ka nuna masa inda ruwanka zai bi.