Guzurin Malamin Turanci a Zangon Kumasi

Daga cikin samarin ƙasar Hausa da Allah Ya hore wa ilmin zamani, akwai waɗanda neman abinci ko sada zumunci kan kai su Kumasi, babban birnin Asante a ƙasar Gana, su sauka a Sofoline, unguwar da ke yamma da tsakiyar gari a bisa hanyar Sunyani, daura da Kwalejin Prempeh, suna sauraron ranar da wata ƙaramar makaranta za ta damƙa musu alli su karantar da Turanci. Kwanakin nan na jira, waɗanda galibi akan ɗauke su zaman kashe wando, a ganina su ne rabin aikin, domin malamin da bai karanci garin ba tukuna da wuya yaran garin su ƙaru da shi.

Abu na farko da ya wajaba baƙo ya sani shi ne mutanen da ya tarar ba jiya suka zo ba. Kakanninsu fataken goro ne da suka riƙa bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, sa'an nan da basasar shekarar 1892 ta watsa wannan kasuwa, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, sai jama'a da yawa suka gangaro kudu, zango ya bunƙasa, ya tara Hausawa da Dagwamba da Mosi da Wangarawa da Zabarmawa, Hausa ta zame musu harshen ciniki da na wa'azi. Dattijansu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta umarci baƙin da ba su da takardu su fice, gidaje da dama suka rabu. Saboda haka wanda ya zo daga Kano ko Maraɗi yana taƙamar cewa shi ne Bahaushen asali, ya soma aikinsa da ɓata wa masu masaukinsa rai.

Sha'anin zama ba ya bukatar dogon sharhi. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yarje wa ɗan Nijeriya ya shiga Gana ba biza har kwana 90, amma zama da aiki sai da izinin hukumar shige da fice, kuma kada a yi sakaci da wannan. Masu gidaje kan nemi kuɗin hayar shekara guda ko biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta ƙayyade, don haka ya fi alheri mutum ya fara gaida liman da sarkin zango, su ne za su nuna masa ɗakin mutunci. Tuwo da koko da ƙosai ba zai rasa su ba. Damina ce dai sau biyu a shekara, sai ya tanadi laima.

Amma inda maganar take da nauyi shi ne ajin kansa. Iyayen zango sun daɗe suna ƙyamar makarantun mishan don tsoron abin da zai taɓa aƙidar 'ya'yansu, har malamai suka ƙago makarantun da ke haɗa Arabiyya da Turanci a ƙarƙashin rufi ɗaya, gwamnati kuma ta kafa sashen ilmin Musulunci a hukumar ilminta a 1987 domin kula da su. Uban da ya kawo ɗansa irin wannan makaranta amana ya kawo, yana kuwa lura ya ga ko mai koyar da harshen Nasara yana tsayawa a sahu in an kira salla.

Yaron da zai zauna gaban malam, ko da shekararsa bakwai ce, ya riga ya mallaki harsuna biyu ko uku: Hausa a tsakar gida, Tuwi a tasha da kasuwar Kejetia, wataƙila da harshen kakarsa, ga kuma Larabcin allo. Hausar tasa kuwa ta zango ce, wadda ta yar da bambancin namiji da tamace, har ka ji an ce mace ya zo, ba wanda ya ga aibu. Tuwi ma lamiri guda take da shi ga duka biyun. Daga nan ne illar ke fitowa, domin Turanci ya raba lamirin namiji da na mace, yaron kuwa ba shi da gurbin wannan rabo a cikin harsunan da yake tunani da su, sai ya dinga musanya su, malamin da bai gane sababi ba ya zaci daƙiƙanci ne ya ɗauki bulala. Wanda ya gane, sai ya nemi taimako daga inda ba a zato, watau darasin Arabiyya, inda yaran suka soma jin muzakkar da mu'annas. In ya zauna da mu'allimin Arabiyya suka daidaita darussansu, ƙa'idar da aka kafa da safe cikin nahawu ita ce za ta buɗe ƙofar Turanci da hantsi.

Haka nan lafazi. Turancin Gana da na Arewa ba amo ɗaya gare su ba, kuma Bakano da ke cakuɗa harafin fa da pa zai tarar yara suna ƙunshe dariya. Maganinsa shi ne ya lazimci sauraron labarun rediyon ƙasar, ya hau motar haya daga tashar Sofoline yana kasa kunne, ya kuma samo manhajar gwamnati da tsofaffin takardun jarrabawar da ake yi a ƙarshen ƙaramar sakandare, tun da a kanta ne iyaye za su auna aikinsa, ba a kan fasaharsa ba.

Wajen aikin gida kuwa ya sassauta, gama yaran nan da yawansu daga makaranta allo suke wucewa, wasu kuma su ɗauki tiren tallar iyayensu mata har magariba. Jimla biyar da yaro zai iya rubutawa kafin isha'i, malam ya duba ta da safe ɗaya bayan ɗaya, ita ce gwargwadon da ya dace da farkon zangon karatu.