Za A Karrama Dattawa A Moriki: Waɗanne Waƙoƙi Ya Kamata A Sa?

In ƙungiyar matasa ta shirya walimar karrama tsofaffin gari, komai ana zama a tattauna: rumfa, kujeru, abinci, turamen atamfa da shaddodin da za a raba. Waƙa kuwa sai ana gobe taro a ce wa mai sifika ya zo da memorinsa. Shi ya sa za ka ga dattijo ɗan shekara tamanin ya yi tagumi, ana ta buga masa Hamisu Breaker. Ba wai waƙar ba ta da daɗi ba ne, a'a, ba tasa ba ce kawai.

A Japan akwai ranar hutu ta girmama tsofaffi, Litinin ta uku a watan Satumba, kuma masu shirya irin wannan taro a can sukan nemo waƙoƙin da tsofaffin suka ji suna samari da 'yan mata. Masu nazarin ƙwaƙwalwa ma sun lura abin da mutum ya ji tsakanin ƙuruciya da wajen shekara talatin ya fi komai zama masa a rai. To lissafin mai sauƙi ne: ɗauki shekarar haihuwar mutum, ka ƙara 15 zuwa 25. Wanda aka haifa a 1945, zamaninsa shi ne 1960 zuwa 1970, lokacin Rediyon Kaduna da akwatin rediyo mai batir. Wanda aka haifa a 1960 kuwa ɗan zamanin kaset ne, har da waƙoƙin finafinan Indiya. Kar ka haɗa su a kwando ɗaya don kawai dukansu suna da furfura.

Mu 'yan wannan yanki ba mu da uzuri, don taskar a ƙofar gidanmu take. Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, nan kusa da Shinkafi, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma Bakandamiyarsa har yau ana nazarinta a jami'o'i. Ga Musa Ɗanƙwairo na Maradun da ya rasu a 1991, ga Sa'idu Faru da waƙoƙinsa na Sarkin Kudu Macciɗo, ga Salihu Jankiɗi makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Da an buga kotso za ka ga hula ta fara gyaɗawa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne gishirin miya: kalangunsa ba ya bukatar a gabatar da shi ga kowa.

Amma fa a nan ne ake yin ɓarna. Waƙar fada ba yabo zalla ba ce. Makaɗi in ya wasa ubangidansa, sai ya juya kan 'yan sarkin da suka nemi sarautar suka rasa, ya yi musu zambo da habaici, ya kamanta wannan da dabba, wancan ya yi ba'a da tafiyarsa ko rawaninsa. Kai da aka haifa jiya ba ka san da wa ake ba. Tsohon da ke kujerar gaba ya sani sarai, wataƙila ma kawunsa ne. A gari kamar Moriki ko Zurmi, inda gidajen sarauta suka haɗa jini da auratayya, baiti ɗaya ya isa ya sa wani ya ɗauki sandarsa ya tafi gida, a daɗe ana maganar. Don haka kowace waƙa a saurare ta daga farko har ƙarshe tare da wani dattijo da ya san tarihin gidajen. In ya ce a cire, a cire, ba musu.

Haka batun Kassu Zurmi. Gwani ne, ba mai ja, kuma namu ne. Sai dai kiɗansa na 'yan tauri ne da mazaje masu taurin kai, har da waƙoƙin da ya yi wa ɓarayi. A halin da yankinmu ke ciki, da mutanen da suka rasa 'ya'ya da shanu da gonaki, ni dai ba zan sa shi a irin wannan zama ba. In ana son abin da zai motsa jinin tsofaffin maza, ga Ɗan Anace da waƙar Shago ta dambe, ga waƙoƙin noma.

Sai iyayenmu mata, waɗanda kullum ake mantawa da su a jerin. Kiɗan ƙwarya suka sani, amada suka taka a gidan suna da gidan biki. A nemo musu Barmani Choge, a zaɓi waƙoƙinta na sana'a da neman na kai, a bar masu zafin habaicin kishiya, don ba mamaki kishiyoyin na zaune tabarma ɗaya. In ma akwai tsohuwar da ke tuna waƙar daka ko ta niƙa, a miƙa mata makirfo. Wallahi ta fi kowane kaset.

Wasu dattawan kuma sun daina sauraron kiɗa gaba ɗaya, kuma ranar tasu ce su ma. A ware musu lokaci da Imfiraji ta Aliyu Namangi ko Ishiriniya, ba ganga ba kalangu.

Wajen sauti, a rage ƙara. Tsofaffin faifan nan muryar ce dukiyarsu, in aka cika bugu kalmomin sai su nutse, ga shi kunnen tsoho ba ya son hayaniya. Waƙoƙin suna da tsawo, kar a yanke su a tsakiya kamar yadda ake yi a gidan biki. Gara a sa shida cikakku da a gutsura ashirin. A fara da hantsi, a tsaya in an kira salla, a sallami mutanen ƙauye da sauran rana saboda hanya. Kuma tun saura mako guda, a tura yara gida gida su tambayi kowane dattijo da kowace tsohuwa waƙa ɗaya da suke so a sa musu, a rubuta sunan mai ita a gefe, mai gabatarwa ya ambace shi kafin a kunna.